A Kira Malam Shehu

Duk wanda ya taɓa aiki da mu a sashen kwamfuta ya san gwangwanin Malam Shehu. Tsohon gwangwanin madara ne, yana ajiye a kan kujera a bakin ɗakin sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da ayyukan ofishinmu gaba ɗaya. Kafin ka shiga sai ka juye aljihu, duk filash ɗin da ke jikinka ka jefa a ciki. Ko kai waye! Da idona na ga ya tare wani ɗan kwangila da ya taso tun daga Legas, da kwat ɗinsa da komai, ya miƙa masa gwangwani. Bawan Allah ya ce ai manhajar da zai saka tana cikin filash ɗin. Malam ya ce, "Awo, na jiya. Aje ta nan ta huta. Inna na da tata."

Inna dai wata tsohuwar kwamfuta ce a kusurwar ɗakin, ƙararta kamar ta injin markaɗe. In an kawo sabon inji, babu komai a cikinsa, Malam ba ya saka masa faifai ko filash. Waya zai jona masa ya kunna. Injin ya yi cigiya ta netwok, Inna ta amsa, ta turo masa babbar manhajar da zai yi aiki da ita tun daga farko har ƙarshe. Malam kuwa ya ja kujera ya naɗe hannu yana kallon rubutu yana gudu a allo, yana cewa, "Sha, ɗan nan, sha." Ni mutum ne mai gaggawa, kun sani. Shekara goma sha ɗaya muna ɗaki ɗaya, ban daina ce masa filash ya fi sauri ba, shi ma bai daina ce mini, "Isuhu, ina za ka da sauri?" ba.

Kun tuna ranar jar waya? Akwai wata jar waya a teburinsa wadda duk injin da aka jona mata aka kunna, Inna za ta share shi tas ta zuba masa sabuwar manhaja, ba tambaya. Kuma kowace kwamfutar ofis Malam ya saita ta ta fara leƙa netwok kafin komai. Sai ga sabon darakta ya shigo zagaye, laftof ɗinsa ta ƙi haɗuwa da firinta, ga jawabin da zai karanta da rana a ciki. Malam ya tafi alwala. Darakta ya ga waya a kwance, ya jona, ya kashe ya kunna. Kafin Malam ya dawo yana sharce ruwa a gemu, jawabi ya tafi, hotunan bikin 'yar darakta sun bi shi.

"Malam Shehu! Me na'urarka ta yi mini?"

Malam ya sunkuya ya duba, ya duba agogo, fuskarsa ta washe.

"Ranka shi daɗe, minti tara! Wallahi ba ta taɓa yin sauri irin na yau ba."

Takardar tuhuma aka ba shi. Ya amsa da layi ɗaya: a daina taɓa wayar da ba a gaisa da mai ita ba.

Muna dariya, amma duk mun san abin da ke ƙasa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsu ɗaya tana aure can Fatakwal, shi kaɗai yake kwana yake tashi a ɗakuna biyu a Abakpa. Ofis ne gidansa. In ka yi kuskuren yi masa tambayar minti ɗaya, to ka yi sallama da awa guda, don sai ya kai ka tun zamanin da ake ɗaukar faifai a buhu. Wata ranar Sallah na biya ofis ɗaukar cajata da na manta, na tarar da shi cikin sabuwar shadda, zaune gaban Inna da kwanon tuwo da maƙwabta suka aiko masa. Na ce, "Haba Malam, yau ma?" Ya ce, "Kowa ya tai gaida nashi, ni ma na zaka gaida tawa." Na yi dariya a gabansa. Na shiga mota na tafi, ban ce ya biyo ni gida ba.

Abin da yake tsoro bai ɓoye shi ba. Da ritayarsa ta matso yakan ce, "Ran da inji ya koyi tashi ba ni, ran nan za ku mance lambata." Mu ce a'a, wane mu.

Sati biyu da yin ritayarsa aka kawo sabuwar sabar. Na jona jar waya, na kunna, komai yana tafiya daidai. Can tsakiya sai aiki ya tsaya cak, ga rubutu ɓaro-ɓaro a baƙin allo: A KIRA MALAM SHEHU. Ƙasa kuma ana neman kalmar sirri. Na kira shi raina a ɓace.

"Malam, mene ne wannan kuma?"

"Mi ya faru? Ta tsaya? Kash! Kada ka taɓa komi, ga ni nan tahe."

Kafin rabin awa ya sauka daga Keke Napep, har da turare. Ya cire hula ya rufe madannai da ita kada mu gani, ya danna abin da zai danna, aiki ya ci gaba. Aikin daƙiƙa biyar ke nan, amma sai da ya yi la'asar da mu, ya zaga kowane ofis, ya yi wa masinja faɗa a kan shara. Haka muka yi shekara biyu da wani abu. Mun roƙe shi kalmar, ya ce sirri in ya kai kunne biyu ya zama sanarwa. Wasu har suna jin daɗin zuwansa. Ni dai, gaskiya, haushi nake ji a ce ni ne shugaban sashe amma sai na jira tsoho ya samo Keke.

Da aka ce a sabunta manhajar sabobin duka cikin Asabar da Lahadi, na ce wannan karon ba zan jira kowa ba. Na zauna na bi fayilolin Inna ɗaya bayan ɗaya har na gano layin da Malam ya dasa mai tsayar da aikin. Jama'a, babu wata kalmar sirri! Ko me ka danna wucewa yake yi, ko da harafi ɗaya ne. Shekara biyu mu shida masu digiri muna tsaye a kan inji muna jiran Keke daga Abakpa, ba wanda ya taɓa gwada danna komai. Na yi dariya har da hawaye, na kira sauran na nuna musu. Sannan na goge layin. Kafin azahar ɗin Lahadi mun gama, aka yaba mini a taron Litinin.

Bayan kamar wata biyu ya kira ni.

"Isuhu, lahiya dai? Kwana biyu ba a sawo sabon inji ba?"

Na ce, "Ba a sayo ba, Malam. Ka san yanayi."

Ya ce, "To, madalla. In an sawo ina nan."

Na ce in sha Allahu zan leƙo. Daga ofis zuwa Abakpa ba ya kai minti ashirin ko da cunkoso. Ban je ba, don kunyar ƙaryar da na yi, daga baya kuma don na saba da rashin zuwan. Wata bakwai tsakani aka bugo mana cewa ya rasu, bayan jinyar kwana uku da ba wanda ya sani a cikinmu.

A wurin zaman makoki wani dattijo mai shago a ƙofar gidan ya matso kusa da ni, ya ce, "Ku ne mutanen ofis? Sannunku da aiki. Kullum yana ba mu labarinku." Ya ce in an ɗauke wuta Malam ba ya yarda wayarsa ta mutu, shagonsa yake kawo ta caji, ya zauna a benci yana gadinta, wai kada inji ya tsaya a neme shi a rasa. Ya ce, "Na taɓa ce masa, Malam, anya mutanen nan za su kira? Ya ce in bar ku, yaran kirki ne, aiki ne ya yi muku yawa."

Dattijon yana magana, ni ina tuna layin nan na Malam. Layi ɗaya ne, bai jawo wa kowa komai ba sai jiran rabin awa, ni kuma na goge shi don a ce na iya. Ku da kuka yi dariya tare da ni ran nan ba ku da laifi, hannuna ne ya yi.

Allah Ya jiƙan Malam Shehu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Ya Allah, ya sha zama shi kaɗai a duniya, kada Ka bar shi shi kaɗai a can. Ni kuma Ka yafe mini. Amin.