Ranar da Aka Nuna Kakana a Talabijin

Akwai wata ƙara da makunnin tsohon talabijin yake yi idan ka murɗa shi, ƙas, daga nan sai ka saurari hurawar da za ta biyo baya. Kwanaki na ji irinta a rumfar wani mai gyara ina wucewa, na tsaya a bakin titi da ledar cefanena ina jiran hurawar. Ba ta zo ba. Haka ma ba ta zo ba a wani yammaci na damina, a gidanmu na Madabo, lokacin ina 'yar firamare.

Kakana marini ne a Ƙofar Mata. Tun da yake bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, ko na ɗaurin auren 'ya'yansa babu shi a ciki. Yana cewa mai son ganinsa ya san hanyar karofi. Sai ga 'yan gidan talabijin sun zo ɗaukar shiri a kan rini, kuma da yake shi ne babba a wurin, abokan sana'a suka matsa masa har ya tsaya. Kafin a sa shirin, zazzaɓi na 'yan kwanaki ya ɗauke shi.

Ranar da ya rasu aka ja zane aka rufe talabijin ɗinmu, wani ɗan baƙi-da-fari da ke kan kabad a ɗakin kakata. Ba a kunna kallo a gidan makoki. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, zanen yana nan. Kakata ta shiga takaba, ba ta ko leƙa soro.

Wata rana baffana ya dawo daga kasuwa ya ce ya ji sanarwa, za a sa shirin ran Lahadi bayan magariba. Ka tuna fa, a lokacin abu sau ɗaya ake nuna shi. In ka gani ka gani, in ya wuce ya wuce. Wannan ce kaɗai damar da kakata take da ita ta sake ganin fuskar mijinta.

Baffa ya so a gwada akwatin tun ranar. Ta hana. Ta ce me maƙwabta za su ce in suka ji kiɗa yana tashi daga ɗakin mai takaba? A bari sai lokacin ya yi, a kunna, a gan shi, a kashe.

Ran Lahadi an yi ruwa da la'asar, gidan duk warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Muna idar da salla muka taru a ɗakinta. Ta zauna a kan dardumarta da carbi, baffa ya yaye zanen ya murɗa. Ƙas. Shiru. Ya mayar ya sake murɗawa.

Da farko babu wanda ya damu, don akwatin ya saba jan rai kafin ya yi zafi. Da jiran ya yi yawa baffa ya dubi ƙwan lantarki, yana ci tangararan. Ya cire filogin ya soka na rediyo a gurbinsa, rediyo ta yi magana. Ya ce to ba soket ba ne. Ya aike ni na ɗauko wuƙar albasa, ya kwance filogin, ya ɗaga fis ɗin yana hasko shi, ya naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli ya mayar. Ya bi wayar da yatsa tun daga bango har inda ta shige cikin akwatin. Ya ɗan bubbuga gefe da tafin hannu, kamar yadda kakana yake yi, sannan ya buga da ƙarfi. Gilashin dai fuskokinmu kawai yake nuna mana. Mai gyaran unguwar kuwa ya rufe rumfa tun saukar ruwa, kuma ba a cikin gari yake kwana ba.

Talabijin ɗin maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da yadi, irin mai ƙafafu ne da ƙofofin katako, sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi, ga eriyarsa a ɗaure a kan soro. Ta katanga muka fara jiyo kiɗan buɗe shiri.

Baffa ya durƙusa ya ce, “Inna, ki yafa mayafi mu shiga gidan Alhaji. Taku nawa ne? Malamai sun ce in da lalura ana fita.”

Ta ce, “Kallo ne lalura?”

Ya koma bayan akwatin da wuƙarsa. Ita kuma ta juyo ta dube ni. A wasan jika da kaka ni ce amaryar kakana, haka yake kirana. Ta ce, “Tashi ki je ki gano mana mijin namu. Ki duba da kyau.”

Na tsallaka taɓo na shiga. Falon Alhaji ya cika, aka tura ni gaba saboda kakana za a nuna. Aka nuna ramukan rini, ruwan shunin ya fito baƙi ƙirin. Sai ga shi a tsaye yana tsamo zane. Ya ɗago, bakinsa yana motsi, falon ya kaure da “Allah ya jiƙan Malam,” wata tsohuwa ta fashe da kuka. Ni ban ji komai a raina ba. Na zuba wa fuskarsa ido kamar yadda aka ce in yi, har aka koma kan wani.

Da na dawo baffa yana zaune a ƙasa, kusoshi a cikin tafinsa. Kakata tana inda na bar ta.

“Kin gan shi?”

“Na gan shi.”

“Me ya ce?”

“Ban ji ba, ana ta surutu.”

Ta ɗan ja carbi. “Wace hula ce a kansa?”

Na yi ta lalube a kaina. Na ga idonsa, na ga gemunsa, amma daga goshi zuwa sama babu komai. Na ce ban lura ba.

Ta ce, “To. Je ki ci tuwonki.”

Kwana biyu mai gyara ya zo. Ɓera ne ya shiga ta ramin baya ya gutsure wata siririyar waya. Kafin shayin da aka kawo masa ya huce ya gama, hoto ya kawo tar. Kakata ta ce a biya shi a mayar da zanen.

Sai da na yi aure mahaifiyata take gaya mini dalilin tambayar. Kakata ta yi makonni tana ɗinka masa hula saboda ranar ɗaukar. Da safen ya karɓa ya cusa a aljihu, ya ce wa zai sa sabuwar hula a bakin rami? Ya dawo da tsohuwar a kansa. Kunya ta hana ta tambaye shi ko ya sa a can, shi ma bai faɗa ba.

Yanzu in talabijin ɗin gidana ya ƙi kamawa, yara su danna rimot sau biyu su koma kan waya, duk abin da ya wuce su sake dawo da shi. Ni kuwa na bi waɗanda suka rage cikin mutanen falon nan ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce fara ce, wata ta ce ai kansa babu hula. Kakata ta yi shekaru bayan nan, muna kwana ɗaki ɗaya, ba ta sake tambayata ba.