Kawu Isyaku da Kanyar Turawa

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Kawu Isyaku a Moss Side da safe ya san inda zai same shi: a ɗan lambun baya, lema a hagu, buta a dama, yana yi wa bishiya ban ruwa ana tsuga ruwan sama. Manchester fa, garin da shanya ke kwana uku ba ta bushe ba! In ka yi magana sai ya ce, "Wannan na Allah ne. Ni nawa nake ba ta."

Bishiyar ita ce Turawa ke kira fasimon, amma Kawu bai taɓa kiran ta haka ba. Tun ranar da ya ɗanɗana 'ya'yanta ya yanke hukunci cewa kanya ce ta samu hutu ta yi ƙiba. Ya sayo dashe ya kafa, ya kuma rantse ba zai koma Gumel ba sai ya ci nunanniyar kanyar da ya shuka da hannunsa. Matarsa, Anti Rabi, tun da ya yi ritaya ta ɗaure kayan komawa gida. Jin haka ta kwance abinta.

Da sanyin farko ya shigo, ganye ya yi ja ya zube tas. Ina Selly Oak ina fama da karatu ya kira ni, wai in hau jirgin ƙasa akwai mara lafiya a gida. Na iso hankali a tashe, na tarar da sanda an naɗe ta da bargon Anti, an ɗora mata babbar rigarsa ta Sallah. Na ce ai haka bishiyoyin ƙasar nan suke yi duk shekara. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ke 'yar nan, kin taɓa ganin kanya tsirara?"

Da ta girma sai wata sabuwa: ta yi fure, ta ɗauki 'ya'ya, su zube tun suna kore. Kowa ya gaya masa ruwa ne ya yi yawa, saiwar ta jiƙe. Ina! Kurege ne, iska ce, gwamnati ce. Lokacin ana tsuke bakin aljihu, an rufe laburaren unguwa inda yake karatun lambu, kuma har ya bar duniya yana cewa yana gab da babin maganin 'yan council, hukumar garin, suka sa wa wurin kwaɗo. Da na matsa masa kan butar ya ce, "An tsuke wa kowa tallafin benefit, ni kuma in tsuke wa bishiya ruwa?"

Wata shekara ƙwaya ɗaya ta tsira. Haƙuri ya gagare shi, ya tsinke ta da tauri, ya tara baƙi, ya yanka ƙanana kamar goro. Bauri ya ɗaure bakin kowa, har liman ya kasa shafa fatiha. Kawu na tauna, idonsa na ruwa, yana cewa ta kanti suga ake sa mata. Anti ta jawo akwati, ya ce ta mayar, ɗanya ba ta cikin rantsuwa.

Sai ciwo ya kwantar da shi a asibiti can Oxford Road, duk tsawon bazara. Kullum tambayarsa ɗaya, ko ana ba ta ruwa. Anti ta ce tana sha, kuma ba ƙarya ta yi ba, sama na yi. Butar dai ba wanda ya taɓa ta. A shekarar bishiyar ta riƙe 'ya'ya har rassa suka sunkuya. Na kai masa hoto a waya, ya daɗe yana kallo, ya yi murmushi ya ce, "Kun gani ko? Ban ruwa."

Bai kai nunarsu ba, kuma a nan aka binne shi, bai ga Gumel ba. Anti ta jera su a taga har suka yi laushi, ranar da muka taru yi masa addu'a ta raba. Zaƙi kamar zuma, wallahi. Da na leƙa baya sai ga Anti a cikin yayyafi, riƙe da butarsa, tana zuba wa bishiyar.

Allah ka jiƙan Kawu. Bai taɓa yarda wani abu ya kwana da ƙishi a gidansa ba, Allah ka shayar da shi a tafkin Alkausara.