Ɗakin da Aka Ce In Tsallake

Na daɗe ina aikin wuta a Fagge, an raina ni, an yi mini wulaƙanci iri-iri, duk na manta. Amma abin da ya same ni a wani gidan haya a Sabon Gari, har in koma ga Allah ba zai fita raina ba.

Mai gidan ba ya gari, ya bar shi a hannun wani wakili mai karɓar haya. Wakilin ne ya zo har shagona, ya ce wuta na yawan ƙona wa masu haya kaya, in zo in duba wayarin ɗin gidan gaba ɗaya. Na yanka masa kuɗi yadda na saba: wahalar yini guda, hawa silin, buɗe kowane soket, da kuɗin adaidaita sahu. Kuɗi ɗaya ne na gidan duka. Ko ragi bai nema ba, ni kuwa na ɗauka mutumin kirki ne.

Ranar aikin na lura kowa ya buɗe mini ƙofa fuskarsa a ɗaure, in na gaishe su da ƙyar suke amsawa. Na bi ɗaki-ɗaki har na zo na ƙarshe. Mai ɗakin wata dattijuwa ce Bayarabiya mai ɗinki, tana riƙon jikokinta biyu. Tana zaune a bakin ƙofa tana warware wani ɗinki. Wakilin ya ce in tsallake wannan, ba ta cikin lissafi.

Na ce, "Mama, ba za a duba naki ba?"

Ta ɗago ta dube ni. "Malam, ba ni da kuɗinka. Ka ji tsoron Allah. Duba waya kawai, sai ka ce sabuwar wuta za ka ja mana?"

Da ta faɗi abin da aka ɗora wa kowane ɗaki da sunana, sai na yi lissafi. In an haɗa, ya ninka kuɗina sau uku. Ashe shi ya sa ake kallona kamar ɓarawo. Da sunana ya cuce su, sannan ya ware wadda ta fi kowa rauni ya ce wuta ta ci ta.

Na jingine tsani, na tsaya a tsakar gida, na kira kowa ya fito. Na faɗi kuɗina da ƙarfi yadda har na waje zai ji. Wakilin ya matso yana raɗa mini, "Haba Malam, mu koma gefe, kai ma za ka samu naka." Wannan maganar ta fi satar ƙona mini rai. Na ce, "A nan za ka faɗa, a gabansu." Wani ɗan haya ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan mota ya tare ƙofar gida, ya ce wakilin ba inda za shi sai ya mayar wa kowa haƙƙinsa. Haka kuwa aka yi, yana mayarwa yana zagina.

Na shiga ɗakin Mama. Bayan katifar da jikokin ke kwana, waya ta narke, bango ya yi baƙi, an ɗaure mahaɗar da leda. Na yanke ta, na sa sabuwa.

Wakilin bai bar ni ba. Ya bi sauran gidajen da yake riƙe da su yana cewa ni ɗan rigima ne, na rasa ayyuka da yawa a unguwar. Ban taɓa nadama ba, kuma har yau in na hango shi a kasuwa raina ɓaci yake.

Abin da na koya shi ne, yanka kuɗin gaskiya bai isa ba in ka bar shi a bakin wani. Tun daga ranar, kafin in kwance ko soket ɗaya, sai na tara waɗanda za su biya na faɗa musu kuɗina da bakina.