Darar Baba da Agogon Waya

Shekarar da muka ɗauko Baba daga Gatawa zuwa gidana a Sabon Birni, shirunsa ne ya fi ba ni tsoro. Mutumin da a ƙauye ake jiyo dariyarsa tun daga ƙofar masallaci, sai ga shi yana wuni a zaure bisa tabarma, carbi a hannu. In na kai masa fura ya ce Allah shi yi albarka, ya kurɓa kaɗan ya ture ƙwaryar. Ya baro gona da rumbu saboda 'yan bindiga, amma na lura abin da ya fi kewa shi ne gindin tsamiyar da suke dara da amininsa, wani dattijon makiyayi da muke kira Baffa. Shi Baffa garin Isa ya koma wurin 'ya'yansa. Tsakaninmu da Isa ba wani nisa, sai dai hanyar ba ta biyuwa yadda ake so.

Ƙanena da ke bi mini yana Sakkwato yana aikin kwamfuta. Shi ya haɗa wasan dara na waya, domin mutanen yankinmu da suka watse. Ga gurabu kamar waɗanda ake tonawa a ƙasa, wannan da tsakuwa, wancan da kara, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa. Har da wurin da masu wasa za su riƙa jin muryar juna. Ya sa mini a wayata, ya sa wa ɗan Baffa a tasa.

Da na miƙa wa Baba, kallon wayar ya yi ya kau da kai.

"Dara babu ƙasa? Ina za ni tona?"

Sai muryar Baffa ta fito daga ciki. "Bagobiri, tsoro ka ji? Tun yaƙin Alkalawa muke cinye ku, yau ma haka za a yi."

Baba ya gyara zama. "Kai da saniyarka ma ba ta jin maganarka. Ba ni abin nan, ɗiyata."

Daga ranar zaurenmu ya dawo da rai. Ina madafa ina tuƙa tuwo, ina jiyo su suna zolayar juna, wani lokaci maganar ta fi wasan yawa. Baffa ya ba da labarin wanda ya rasu da wanda aka haifa, Baba ya tambayi ko an yi ruwa wajen Isa. Ni dai ban taɓa jin ɗayansu ya ƙirga wa ya fi cin wani ba.

Sannu a hankali wasan ya yaɗu. Samari suka shigo, har daga tsallaken iyaka, mutanen da ba su san juna ba. Sai ƙorafi ya fara. Wani in ya ga za a cinye shi sai ya yi shiru ya ƙi taɓa komai, har abokinsa ya gaji ya fita. Ƙanena ya ga ba adalci, ya sa agogo: in lokacinka ya ƙare ba ka motsa ba, an ci ka. Ya hana mayar da ɗa in an riga an ajiye. Ya kuma jera sunaye, gwanaye a sama.

Mu a wurinmu dara tana da ladabinta. In ladan ya kira salla, tashi ake yi a bar ta yadda take, ba mai taɓawa, ko akuya ta nufo wurin sai an kore ta. In an sallame a dawo a ci gaba. Haka Baba ya yi wata la'asar. Yana gab da cin Baffa aka yi kira, ya kife wayar bisa tabarma, ya ɗauki buta. Da ya dawo, waya ta ce an ci shi.

"Wallahi ba ni na ci ka ba," in ji Baffa. "Ni ma masallaci na tafi. Na'urar ɗanka ce ta ci ka."

Suka yi dariya ranar. Amma abin ya maimaitu. Ga hannun Baba yana rawa, in agogo ya matsa masa sai yatsa ya faɗa gurbin da bai nufa ba, kuma ba damar gyarawa. Hirar ta ragu, kowa idonsa na kan lokaci.

Abin da ba za ni manta ba wata azahar ce. Na fito da abinci, ladan yana kira, na ga Baba zaune bai tashi ba, yana duban waya yana duban buta. Bai daɗe a haka ba, amma ni na gani, shi ma ya san na gani. Ya miƙo mini wayar.

"Ɗauke abinki. Wasan da za shi sa ladan na kira ina tsaye ina shawara, ba nawa ba ne."

Na san gaskiya ya faɗa, ban yi masa musu ba. Sai dai shirun nan ya dawo, ƙwaryar fura ta koma dawowa a cike.

Na kira ƙanena na gaya masa duk abin da ya faru.

"Yaya, ki fahimce ni," ya ce. "In na cire agogo saboda Baba, gobe duk wanda ya ga za a ci shi sai ya ce salla za shi. Wanda aka bari yana jira fa, shi ba mutum ba ne?"

"Mutum ne," na ce. "Ban ce ka cuci kowa ba. Amma wa ya gaya maka Baba yana son sunansa a sama? Muryar Baffa yake so, da wurin da za shi bar tsakuwarsa ya dawo ya tarar da ita."

Can ya ce a hankali, "Agogon don waɗanda ba su yarda da juna ba na yi shi. Su waɗannan tun kafin a haife mu suke cutar juna suna yafewa."

Bai cire agogon ba, samari na nan da abinsu har yau. Wani ɗaki ya buɗe a cikin wasan, ya sa masa suna Gindin Tsamiya. Ba lokaci, ba jerin gwanaye, ba mai shiga sai wanda ka gayyata, kuma in hannunka ya kuskure, abokinka na iya yarda ka mayar.

Baba bai karɓa da sauri ba. Sai da Baffa ya yi ta aiko da saƙon cewa Bagobiri ya gudu, sannan Baba ya ce in kawo ya gani. Suna tsakiyar wasa aka kira la'asar. Ya kife wayar bai ko waiwaya ba. Ni kuwa ina kan sallaya, Allah ya gafarta mini, rabin hankalina yana zaure.

Na ji dawowarsa, na ji ya zauna. Can muryarsa ta tashi.

"Kai Bafillace, wa ya taɓa mini tsakuwa? Ba nan na bar ta ba."

"Nan ka bar ta, tsufa ne ya kama ka."

Dariyar Baba ta ratso har tsakar gida. Na jingina da bango na ce alhamdu lillahi. Kafin in miƙe ya ƙwala mini kira, wai ko akwai sauran furar nan ta ɗazu.