Kunnen Sama'ilu Mai Faci

Shekara talatin da ɗaya Sama'ilu mai faci ya yi a gindin darbejiyar bakin titin Bici, bai taɓa mallakar gejin auna iska ba. Da kunne yake awo. Ya buga wa taya ƙarfe, ya karkata kai, amon da ta bayar shi ne hukuncinta.

Masu sababbin motoci sun daɗe da komawa wajen masu geji. Wanda ya rage masa na kullum shi ne Alhaji Tasi'u, mai tsohuwar Fijo da ya gada wajen mahaifinsa. Motar akwai tsirfa. Iska ta yi yawa, ta dinga tsalle a gargada har ƙofofi su yi kuka; ta yi kaɗan, tub ya ɗau zafi ya fashe. Ranar shiga yashin hanyar gona a rage, ranar ɗaukar gero a ƙara wa na baya.

Abin da Sama'ilu ya ɓoye wa kowa, har matarsa Hure, shi ne kunnen ya soma tafiya tun damina biyu. Yana buga ƙarfen, yana karkata kai kamar da, ya ce, "Ta yi." Ba yunwa yake tsoro ba. Tsoronsa ranar da Fijon za ta wuce shi ta tsaya gaba, kowa ya san ya ƙare.

Wata Laraba Alhaji ya fito daga motar dafe da ƙugu.

"Malam Sama'ilu, wannan makon mota ka ba ni ko jaki?"

"Na'am? Me ka ce?"

Alhaji ya daɗe yana dubansa, sannan ya zaro geji daga aljihu. Ya ɗaga murya:

"'Yata Ramlat ce ta aiko daga Kano, wai littafin motar ya ce iskar taya ashirin da takwas ce. 'Yan boko! Ni idona ba ya ganin lambobin nan. Ajiye wajenka, ka dinga duba min."

Sama'ilu ya san ƙarya ce. Shekaranjiya ya gan shi yana karanta ƙananan rubutun kwalbar maganin ƙwari, ba tabarau.

Ya tsuguna, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗora gejin. Arba'in da biyu.

Ya danna bawul ɗin tayar don ya rage iskar. Bai ji hucin ba, a tafin hannunsa kawai ya ji iskar tana fita. Da ta sauka, ya jingine ƙarfensa a jikin darbejiya, ya ja jiki zuwa taya ta biyu.