Ranar da Baba Ya Kai Ni Cire Haƙori

Shekarun baya, lokacin da naira ta fara fitowa, muna zaune a wani ƙauye kusa da Sara. Mahaifina manomi ne mai 'yan shanu, mutum ne dogo marar yawan magana, wanda idan bijimi ya yi gardama shi ake kira ya kama ƙaho ya kayar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

A shekarar ce sa'o'ina duk suka shiga famfara. Kowa ka gani bakinsa da wawulo, ana cilla haƙori kan rufin ɗaki, ana rufe baki kar ƙadangare ya gani sabo ya ƙi fitowa. Ni kuwa haƙorana biyu na gaba, na ƙasa, ko motsi ba sa yi. Kullum ina turawa da yatsa, su kuma suna nan daram. Ana haka sai na ji wani abu yana kartar mini harshe. Ashe sababbin ne suka ɓullo ta bayan tsofaffin, bakina ya zama sahu biyu.

Yara ba su da kara. Nan da nan suka raɗa mini suna mai bakin kada. Na daina dariya a gaban mutane, idan ta kama sai in sa hannu in rufe. Bayan wani lokaci dasashin ya kumbura, abinci yana maƙalewa tsakanin sahun biyu, rake da gasasshiyar masara suka gagare ni. Har tuwo sai Inna ta sassauta mini shi.

Inna ta yi wa Baba magana, ya ce, "Maraƙi ma yana zubar da nasa, kin taɓa ganin an kai shi wurin likita? Ki bar Uwata, lokaci ne bai yi ba."

Ta ce, "Maraƙin yana daina cin ciyawa? Ka dubi wuyan yarinyar nan, Malam."

Ya dube ni. Washegari ya riƙe hannuna zuwa wurin wanzamin garinmu. Tsohon ya buɗe bakina, ya taɓa haƙoran, ya girgiza kai. Ya ce, "Da suna girgiɗi da yanzu na gama. Waɗannan saiwarsu na nan. In na ja na karya, na bar maka aiki. Ka kai ta Birnin Kudu, na ji ana samun likitan haƙori da ke zuwa daga Kano."

Mun shiga motar katako da safe, ni a kan cinyar Baba, tsakanin buhunan dawa da wata akuya da ta yi ta cin bakin zanena. Ranar na fara zuwa Birnin Kudu. Duwatsun nan manya da ke jere wasu kan wasu suka ɗauke mini hankali, har na manta abin da ya kawo mu. Baba dai tun a hanya yake ta ce mini, "Ba a kuka, Uwata. Mu ba ma kuka a gaban baƙi." Ya maimaita har na haddace.

Likitan matashi ne mai fara'a. Ya ɗora ni kan wata kujera mai kwanciya, ya haska bakina, sannan ya juya wurin Baba. Ya ce yawancin haƙoran yara ba sa bukatar kowa, sabon ne ke cinye saiwar tsohon daga ƙasa har ya faɗi. Nawa kuwa sababbin sun kauce hanya, suka bar saiwar tsofaffin lafiya lau. Da ba kumburi da sai a ƙara jira, amma tunda wurin ya fara ciwo har ba na cin abinci, gara a cire.

Baba ya ce, "To su na bayan fa? Haka za su zauna a karkace?"

Likita ya ce, "Harshenta zai turo su gaba a hankali. Wuri kawai suke nema."

Sai ya ɗauko allura. Na runtse ido, na damƙe hannun Baba, ina karanta duk abin da na iya daga allo. Na ji ɗan tsini kamar cizon cinnaka, leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Da na buɗe ido na ga likita riƙe da ɗan ƙaramin awartaki mai sheƙi. Ya ja na farko, ya ja na biyu, ban ji komai ba sai ɗan ƙara. Abin da na ji shi ne hannun da nake riƙe da shi ya yi sanyi, yana zamewa. Ina waigawa sai ga Baba ya sulale ya zauna daɓas a ƙasa, malafarsa ta yi gefe, gumi ya jiƙe masa fuska.

Wata ma'aikaciya ta kawo ruwa da sauri, ta yi masa fifita da kwali. Likita ya cusa mini auduga, ya ce, "Malam, ashe da na sani da kai na fara yi wa allurar." Dariya ta ƙwace mini, baki cike da auduga, yawu yana zuba, ban ko tuna in rufe ba.

A hanyar komawa Baba ya saya mini ayaba, wai ita ce mai laushi. Muna mota na ƙudura a raina ko Inna ba zan faɗa wa ba. Tausayinsa nake ji, ina ganin in labarin ya fita girmansa ya zube.

Muna sallama a gida, maƙwabta sun taru jin yadda aka yi, sai na ji muryarsa yana cewa, "Ku zo ku ga jaruma. Ita ko uffan ba ta ce ba, ni kuwa sai da aka kwashe ni daga ƙasa." Ya ba da labarin tiryan-tiryan, har da malafa, mutane suna ta riƙe ciki. Inna ta ce, "Kai da kake yanka rago ko ido ba ka ƙiftawa?" Ya ce, "Ragon ba 'yata ba ne."

Haƙoran sun miƙe kamar yadda aka faɗa, kafin damina ta zagayo sun shiga sahu, kuma da su nake taunar goro har yau. Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Na girma na haifi nawa, na zauna da su a asibiti ana yi musu allura, sai a lokacin na gane abin da ya kayar da shi. Ban taɓa jin ya ce yana ƙaunata da baki ba, mutanen zamaninsu ba sa faɗa. Ni dai tun ina ƙarama na gani da idona, a ƙasan ɗakin likita.