Ranar da Na Ƙi Cewa Na Yafe

Har yau in na ji ƙamshin zuma tana gasuwa a cikin burodi, sai gabana ya ɗan faɗi, in tuna wani yini da ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi. Wannan ƙamshin ne ya tarbe ni tun daga matattakala a safiyar ranar, haɗe da na romon kaza, har na tsaya a bakin ƙofa na lumshe ido kamar wadda ta isa gida.

Lokacin ban cika shekara da zuwa New York ba. Ina zaune a Park Hill wurin gwaggona, ƙanwar babana, ina jiran in fara karatun digiri na biyu, kafin nan kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Kamfanin da ke tura mu aiki ya haɗa ni da wata tsohuwa Bayahudiya a Manhattan. Shekarunta tamanin da bakwai, mijinta ya rasu, 'yarta guda tana aure a wani gari. Kullum sai in hau bas zuwa tashar St. George, in shiga jirgin ruwa, in tsaya a gefe ina kallon tsuntsaye suna bin mu, ina rubuta baitocin da ban taɓa nuna wa kowa ba.

Mama nake ce mata. Ba mai sakin fuska ba ce. Sati bakwai ina zuwa, abin da na koya game da addininta bai wuce cewa cokulan nama daban, na madara daban ba, shi ma sai da na sha harara. Ranar da ta fara ganina ina sallar azahar a lungun falo, sai ta juya da sandarta ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Daga nan muka zauna a haka: ina yi mata aiki, tana cewa na gode, ba ƙari.

A jikin firji na tarar da takarda daga 'yarta, cewa daga faɗuwar ranar yau sun shiga biki. Ta rubuta sunansa, Yom Kippur, amma ban tsaya neman ma'anarsa ba. Ni dai na ga biki, na ji ƙamshi, sai na fassara wa kaina cewa sallarsu ce. Na soma tunanin sababbin kaya da baƙi da yara.

Abu na farko da ya ɗaure mini kai shi ne waya. Mama ta zauna a kujerar kicin da wani tsohon littafin lambobi, tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Da Turanci take magana, ina yanka karas ina ji. Ta ce wa wata, abin da na faɗa miki a bikin jikanki, ban kyauta ba, ki yafe mini. Ta ce wa wani, na daɗe ban neme ka ba, girman kai ne, ka yafe mini. Wuƙar ta tsaya a hannuna. A inda na taso, ba a jin tsohuwa tana bin mutane da neman gafara haka kawai.

Da ta ajiye wayar sai ta dube ni, ta daɗe tana kallona.

"Ke ma zo nan," in ji ta. "Na yi miki wani abu. Ina so ki yafe mini."

Na ce, "Haba Mama, me kika yi mini? Bari in duba romon nan kar ya ƙone." Na juya mata baya, na ɗaga murfin tukunya.

Dole in faɗi dalili. Wata uku kafin nan, kakata da ta goye ni ta sa aka kira mata ni daga Kano. Lafiyarta ƙalau a lokacin, har tana tsokanata cewa na tafi ƙasar sanyi in auro Bature. Da za mu yi sallama sai ta ce, 'yar nan, ki yafe mini. Na yi dariya na ce, na yafe miki, Hajiya, duniya da lahira. Washegari da hantsi aka kira aka ce ta cika. Na san ajali ne, na san karatuna. Amma can cikin zuciyata wani abu ya zauna, cewa da ban amsa ba, da ta jira.

Bayan azahar Mama ta ce in taimaka mata ta yi wanka. Ta sa na yanke mata farce. Sannan ta nuna mini wata jaka a ƙasan kabad. Na buɗe, sai ga fararen kaya fes, riga da ɗankwali, ba ko ɗigon ado a jikinsu. Ta cire 'yan kunnenta na zinare da zoben hannunta, ta zuba su a wani ɗan faranti. Ta ce in ɗauke takalmanta na fata, in kawo mata wasu farare na yadi. Ina ɗaura mata ɗankwalin, idona na ganin likkafani.

Na daure na ce, "Mama, wai wane irin biki ne wannan?"

Ta ce da yarensu ana kiran abin da ake yi a kwanakin nan teshuva. Ta maimaita mini a hankali. Ta ce ma'anarsa komawa. "Duk inda mutum ya yi nisa, gobe yana komawa wurinSa. Ana rufe littafin ayyukan mutum, a buga hatimi. Shi ya sa nake so in gama da mutane kafin rana ta faɗi." Sai ta kama hannuna, ta roƙe ni karo na biyu. "Ki yafe mini."

Komawa ga Allah. A Hausa abu ɗaya muke nufi da wannan maganar. Na zare hannuna na ce zan ɗauko abin awon jini.

Na auna jininta, daidai. Na auna sukarinta, daidai. Na duba idonta, na sa ta matse mini yatsu, ta matse har na ji zafi. Ba abin da ya nuna ciwo, kuma wannan ne ya fi ruɗa ni, don kakata ma haka take. Na kira 'yarta sau biyu, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sai na shige banɗaki na kira Gwaggo, wadda ta shekara goma sha tana irin wannan aikin, amma ba ta taɓa yi a gidan Yahudawa ba.

"Fararen kaya? Ta cire zinare? Inna lillahi. Ke 'yar nan, wannan ai an nuna mata ne."

"To ya zan yi, Gwaggo? Jininta lafiya lau."

"Jini me? Babanmu sai da ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari. Ki kira nayin-wan-wan, lambar gaggawar nan, yanzu yanzu. Kar ki bari ta mutu a hannunki, ga ki baƙa, ga hijabi, takardunki ko bushewa ba su yi ba. Wa zai saurare ki?"

"In sun zo in ce musu me? In ce ta nemi gafara?"

Gwaggo ta ce, "To ki dai rubuta komai a littafin aikinku. Kuma ki yi ta addu'a."

Na fito na yi la'asar a lungun da na saba, amma wallahi ban san abin da na karanta ba. Da na sallame sai na ga Mama zaune a teburi cikin fararen kayanta, tana cin kaza da burodin zuma, tana tauna a natse. Ta ci fiye da yadda na taɓa gani. A kan taga ta jera wasu kyandirori a cikin ƙananan kofuna na gilashi. Ta nuna mini su da cokali: wannan na mijina, wannan na uwata, wannan na ubana. Na tsaya ina duban kyandirorin matattu da mace mai rai tana suɗe ƙashi, kaina ya kasa haɗa su. Hasken rana ya soma yin ja a jikin benen da ke fuskantar mu. Lambobin nan uku suna kan wayata, yatsana a kansu.

Ta goge bakinta, ta dafa teburi ta miƙe ba sanda. Ta tako har inda nake.

"Sau uku aka ce mutum ya roƙa," in ji ta. "Wannan ne na uku. Abin da ke tsakanina da Allah, Shi zai ji da shi gobe. Amma abin da na yi wa mutum, ko na yi azumin shekara ba ya gogewa sai mutumin ya yafe. Rana tana faɗuwa, yarinya. Na tsane ki ne har haka, ko ke ce kika tsane ni?"

A nan na fashe da kuka. Na ce ba zan faɗa ba. Na ce in na faɗa tafiya za ta yi. Na ba ta labarin kakata da Turancina da ya kakkarye, na ce na ga likkafanin, na ga zoben, kuma ita da bakinta ta ce gobe za ta koma.

Ta buɗe baki tana kallona. Sai kafaɗunta suka soma girgiza. Na ɗauka abin ne ya zo, na yunƙura zan riƙe ta, ashe dariya take yi. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar. Ta yi har ta zauna a hannun kujera tana share hawaye.

"Komawa daga hanyar banza, yarinya! Ba kabari ba! Shekara saba'in da wani abu ina sa fararen nan, kowace shekara kuma ina cire su in ci kifi." Ta ja numfashi. "Amma ba ki yi kuskure duka ba. An so su tuna mana da likkafani. Mutum yana tsayawa ne kamar ba shi da gobe, ko ya faɗi gaskiya."

Na ce a yarenmu tuba muke cewa. Ta gwada kalmar a bakinta sau biyu, ta ce ai 'yan gida ɗaya ne.

Sai ta daina dariyar, ta riƙe haɓata kamar yadda ake yi wa ƙaramar yarinya. "Ke da kike kifa goshinki a ƙasa kullum a falona, kina tsammanin bakinki ne ke riƙe da raina? Wanda ya riƙe ni shekara tamanin da bakwai bai nemi taimakonki ba. Kakarki ma ba ke kika sake ta ba. Kin dai sauke mata kaya ne kafin ta tashi."

Wata uku ina ɗauke da wannan dutsen, ban gaya wa ko Gwaggo ba. Tun ina ƙarama ake koya mini tawakkali, na rubuta shi a jarrabawa, na sa shi a waƙa. Sai ga shi wata tsohuwa mai wani addini ta miƙo mini shi a kicin ɗinta, kamar abin da na yar a hanya ta tsinta.

Na ce, "Amma Mama, me kika yi mini?"

"In na faɗa zai ƙona miki rai, kuma ba a neman gafara da sabon ciwo. Na gyara abin da zan iya gyarawa. Za ki yafe a haka?"

Na faɗa da Hausa, don Turanci ba zai ɗauke ta ba: na yafe miki duniya da lahira. Na fassara mata. Na ce ni ma ta yafe mini. Ta ce ta yafe cokulan da na cuɗanya mata. Sannan ta kunna kyandirorinta, ta rufe fuska da tafin hannu tana motsa baki, ni kuma na ja gefe. Da na shiga jirgin ruwa zan koma, ban rubuta ko baiti ɗaya ba. Gwaggo tana ta kira, na ɗauka na ce, tana nan da ranta, har ta ci kaza.

Washegari na same ta a kujerarta da littafin addu'a. Ranar azuminsu ce. Saboda sukarinta malaminsu ya hana ta cikakken azumi, sai na riƙa ba ta ruwa da abinci kaɗan kaɗan, tana karɓa tana gunaguni. Ta ce shi ma biyayya ne, amma ba dole ta ji daɗinsa ba.

Abin da wannan yini ya koya mini shi ne kada in jira sai na hango mutuwa kafin in nemi gafara, kuma kada in riƙe tawa don tsoron abin da ba a hannuna yake ba. Yanzu kowace shekara kafin azuminmu ina kiran mutanena ɗaya bayan ɗaya. Da farko sun tsorata, Gwaggo har da tambayar ko asibiti sun gaya mini wani abu. Yanzu sun saba.

Mama ta ƙara shekara huɗu a duniya, ina zuwa wurinta har bayan na fara karatu. Sai a zaman makokinta 'yarta ta ja ni gefe ta gaya mini. Ashe tun ranar da ta fara ganina ina salla ta kira kamfaninmu ta ce a canza ni, ba ta son mai hijabi a gidanta. Sun daɗe suna neman wata, har sun samu, an sa Litinin mai zuwa a sallame ni daga gidan. A safiyar nan ta burodin zuma, kafin in iso, lambar da ta fara kira a cikin littafinta tasu ce. Ta ce musu su bar mata yarinyarta.